Yarinyar da Ke Ce wa Ubanta Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi, kuma kina shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda ke kika ga dama ba. Na san kunnenki ba ya jituwa da waya, shi ya sa na zauna na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun ina makaranta. In kin ga layin ya karkace, teburin ne ke rawa.

'Yata, Tsuntsuwarki, ta iso lafiya. Na je tasha na tarbe ta, na gane ta tun ba ta sauko daga mota ba, don goshin mahaifiyarta ne sak, Allah ya ji ƙanta. Ita kuwa ba ta gane ni ba sai da na ɗaga hannu, kuma ba laifinta ba ne. Tana goye na bar ta a hannunki na shiga aikin jirgin ruwa, ga shi yau shekararta goma sha ɗaya, ganin da ta yi mini yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga shi. Ke da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, ba dole a kanki, amma kika ɗauke ta kika riƙe. Wannan ba abin da baki zai iya gode wa ba ne.

Ɗaki biyu ne a saman shagona na gyaran firji da injin wanki. Na ba ta na ciki, mai tagar da ke kallon wajen tsayawar bas. Na shafe shi da fenti, na kafa mata katakon ajiye littattafai, na gyara wani ƙaramin firji na sa mata a lungu, ko da yake har yau ruwa kaɗai take sawa a ciki. Makarantar ba nisa, da ƙafa take zuwa.

Goggo, kin yi aiki. Yarinyar nan tana riga ni tashi, ta gyara gadonta, ta share matattakala har ƙasa. Mai askin da ke jikin shagona da matarsa, da mai burodin ƙarshen layi, duk tambayarsu ɗaya, wa ya rene ta. Na ce Goggona ce, tela, wadda almakashinta ma tsoronta yake ji.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun a tasha ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, na same ka lafiya?" Wallahi sai da na waiwaya in ga babban mutumin da ke tsaye a bayana. Na ce gajiyar hanya ce da baƙunta, zai wuce. Bai wuce ba. "Ranka ya daɗe, ga shayi." "Ranka ya daɗe, in kashe fanka?" Ni da ke kwance a ƙarƙashin injin wanki, riga duk baƙin mai, ni ne ranka ya daɗe. A jirgi Dogo ake ce mini, shugaban ɗakin inji ma "kai" kawai yake cewa in amsa. Ko sau ɗaya ba ta ce mini Baba ba. Da na raka ta makaranta, malamarsu ta tambaye ta wane ne wannan, ta ce, "Mahaifina ne," kamar mai ba da shaida.

Kin san alkawarinmu. Za ta yi shekarar karatu ɗaya a nan, in dogon hutu ya zo ta dawo wajenki, inda ranta ya kwanta nan za ta zauna, ba mai matsa mata. Ina so ta zauna da ni, Goggo, ba zan ɓoye miki ba. Don ita na bar jirgi na buɗe shagon nan. Amma ina ganin ba a zaɓar zama da mutumin da ake ce wa ranka ya daɗe. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Tana gaishe ki. Ta ce a tuna miki allurar keken ɗinkin na cikin gwangwanin shuɗi.

Ɗanki,
Dogo

*

Zuwa ga ɗana Dogo,

Na amsa gaisuwarka, na kuma ji daɗin isarta lafiya. Ƙafa da sauƙi, sai dai in na daɗe a kan keke takan tuna mini da kanta. Magani ina sha. Likitan nan yaro ne ƙarami, na ɗinka wa uwarsa kayan makaranta, ba shi zai koya mini shan magani ba.

Na karanta takardarka sau biyu, na farko na yi dariya, na biyu na ji haushi. Mutane na kukan 'ya'yansu ba su iya gaisuwa ba, kai kana kukan taka ta iya. Allah ya sawwaƙe maka.

Bari in gaya maka inda ta samo shi. A ƙarƙashin teburin yanka ta girma, tana tsintar ƙyallaye. Tun bakinta bai gama buɗewa ba na koya mata cewa duk babban da ya shigo shago yana da abin da ake kiransa da shi, ba a kiran babba da suna tsirara. Wannan malam ne, wannan malama ce, wanda ba ki san matsayinsa ba ki ce ransa ya daɗe, ba ki yi asarar komai ba. Ba don in yi ado da ita na koya mata ba. Yarinya ce marar uwa, uba yana kan ruwa, ni kuma tsohuwa. Me zan ba ta ta kare kanta? Na sha ganin namiji ya shigo da wasan banza a bakinsa, ya ce, "'Yan mata, zo nan mana." Ita kuma ta tsaya inda take ta ce, "Ranka ya daɗe, me za a yi maka?" Nan take za ka ga ya gyara tsayuwa. Wanda aka ɗora wa girma yakan ji kunyar zubar da shi a gaban yaro. Katanga na gina mata, Dogo, kuma ba na nadama.

Kai kuwa, hotonka na rataye a saman keke, wanda kake tsaye a bakin jirgi da farar hula. Duk ranar da saƙonka ya iso, nakan tsayar da ita a gabansa ta gaishe ka, ta yi godiya yadda ya kamata. Na ce mata ubanki babban mutum ne, shi ke riƙe da injin da ke tura jirgi mai girman unguwa. Ƙarya na yi? Da ka so in ce mata wani dogon mutum ne da ba ya iya ɗaure igiyar takalminsa sai da ya kai aji uku? Na sani, ni na koya maka.

Yanzu kana tambayata yadda za ka yi. Kada ka yi komai. Baba ba riga ba ce da zan yanka in ɗinka in aiko maka a mota. Ka ci abin da ta dafa, ka tambaye ta karatu, ka bar ƙofar shago a buɗe in ta dawo makaranta. Kada ka roƙe ta, kada ka umarce ta. Na san halinka na gaggawa, kai da ubanka duk ɗaya, shi ma ba ya jiran shayi ya huce.

Batun alkawari yana nan yadda muka yi. Ba na ja da kai, 'yarka ce. Amma gidan nan ya yi mini faɗi tun da ta tafi, wannan ma gaskiya ce.

Ka ce mata na ga allurar. Ka tabbatar tana cin abinci, ba banza na sa mata Tsuntsuwa ba, tsattsaga kawai take yi ta tashi.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kina lafiya, ke da kekenki. Mu nan lafiya lau, aiki ya yi yawa don zafi ya shigo, kowa firjinsa ya tuna da ni.

Kin ce kada in yi komai. To, na yi. Ki yi haƙuri ki ji yadda aka yi kafin ki fara.

Mai askin nan yana da yara uku. Da yamma in sun dawo sukan faɗa shagon kamar an koro su, wannan ya haye wuyansa, wancan ya zare masa mataji daga aljihu. Tsoho suke ce masa, mutumin da ko furfura bai fara ba. "Tsoho, ba mu kuɗin alewa." "Tsoho, askin nan ya karkace." Matarsa na yi musu tsawa, shi yana dariya. Na san abin da za ki ce, kuma da gaskiyarki, ranar nan ƙaramin ya ce wa wani dattijo mai jiran aski "kai mai sanƙo", sai da uban ya bi mutumin har titi yana ba shi haƙuri. Amma ina kallonsu ta taga ina jin ƙyashi, ba zan yi miki ƙarya ba.

Sai ranar nan muna cin abinci na ajiye cokali na ce wa Tsuntsuwa, "Daga yau Baba za ki riƙa ce mini." Ta miƙe zaune ta ce, "To, ranka ya daɗe." Da safe ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Ranka ya daɗe Baba, ga shayi." Ta yi kwanaki tana haɗa su biyun, kullum sai ta ɗan tsaya kafin Baban, kamar mai haɗiyar ƙwaya ba ruwa. Na ga wahalar ta yi yawa, na ce ta bari, ta kira ni yadda ta saba. Ta ce ta gode. Godiyar nan ta fi komai yi mini ciwo.

Amma bari in ba ki labarin da zai faranta miki. Wani mai gidan abinci ya kawo mini babban firjinsa na gyara, bayan kwana kaɗan ya sake tsayawa, naman da ke ciki ya lalace. Ya zo yana huci, tun daga bakin titi ake jin muryarsa. Ni ma kin san ni, na ajiye sufana na miƙe, mai aski ya fito da reza a hannu yana kallo. Ana haka Tsuntsuwa ta dawo daga makaranta. Ta ajiye jaka, ta jawo kujera ta goge ta da gefen hannunta, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga wuri, ka sha rana." Ta hau sama ta kawo ruwan sanyi daga ɗan firjin nata, ta miƙa masa da hannu biyu. Mutumin nan ya dubi kofin, ya dube ta, ya zauna. Ba ya iya ihu yana shan ruwa. Da ya sauke kofin sai muryarsa ta dawo irin ta mutane, muka yi magana, muka gano wayar wutar shagonsa ce ke cin injin. Na bi shi na gyara. Da zai tafi ya ce da ita, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," ni kuma ya ce in riƙe ta da kyau.

Na daɗe ina tunanin abin. Na yi shekaru cikin maza a jirgi, na ga faɗa iri-iri, ban taɓa ganin an kashe wuta da kujera da kalma uku ba. Na yarda da ke, Goggo, abin da kika ba ta ya fi abin da zan iya ba ta. Sai dai da mutumin da ya zo zagina da ni da na haife ta, kalma ɗaya take mana. A wajenta ni ma mai kawo gyara ne da ya daɗe bai tafi ba. Tana ɗawainiya da ni daga safe har yamma, ko ƙafarta ba ta miƙewa in ina ɗakin. Wani lokaci nakan ce gara a ce tana wajenki, inda za ta sake.

A gaida maƙwabta. Tana cin abinci, na iya soya ƙwai yanzu, ko da yake ita ba ta ce komai a kai ba.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Lafiya nake. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa.

"Gara a ce tana wajenki." Na sa tabarau na karanta, na cire na goge na sake karantawa, bai canja ba. Wato ka gaji. Ko rabin shekarar ba a yi ba ka fara neman hanyar mayar da ita. Yarinya ba firji ba ce da in bai yi maka yadda kake so ba za ka ɗora a mota ka mayar. Shekara goma sha ɗaya tana gaida hoto, hoton bai taɓa amsa mata ba, ba ta yi fushi ba. Kai 'yan watanni aka yi maka ladabi ka kasa ɗauka.

Na ce kada ka umarce ta, ka umarce ta. Me ka zata za ta yi? An ba ta umarni ta bi, haka na koya mata. Da ka ce ta riƙa tafiya da ka ma da ta gwada.

In ka yanke shawara, ka faɗa mini a fili kamar namiji, in gyara mata gado. Amma kada ka bari ta ji daga bakinka cewa ladabinta ne ya kore ta. In ta ji haka, ba za ta ƙara yarda da abin da wani babba ya koya mata ba, ni ce ta farko.

Labarin mai gidan abincin ya yi mini daɗi, na ba wa duk wanda ya shigo shago. Wannan daban.

Goggonka

*

Dogo,

Shiru ya yi yawa. Wata ya wuce, na biyu ya kama, ba takarda. In fushi kake da ni, ka yi fushinka, amma ka rubuto mini layi ɗaya cewa yarinya lafiya. Na sa ɗan maƙwabta ya kira wayarka, ya ce ka ɗauka kun yi magana, wai lafiya lau. Wannan ba amsa ba ce, kowa ma lafiya lau yake cewa a waya.

Na wanke zanin gadonta na shanya. Ban san ko in shimfiɗa ko in ninke ba.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Ki gafarce ni. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in ce komai. Takardunki biyu duk sun iso. Ba fushi ba ne, hannu ne. Ina liƙa bututun wani firji wutar walda ta kama mini hannun dama, tafin da yatsu uku. An naɗe shi kamar kan jariri, ba biro ba, ko cokali ba na iya riƙewa. Ban faɗa wa yaron a waya ba don na san ki, da kin hau mota da wannan ƙafar. Tsuntsuwa kuma ba zan ce ta rubuta mini ba, tunda maganar tata ce. Yanzu da sauƙi, shi ya sa rubutun ya zama kamar tafiyar kaza.

Goggo, ban gaji ba. Wallahi ban gaji ba. Tausayinta ne ya sa na rubuta wancan layin, don ina ganin tana wahala da ni. In ta ni ce, ta yi ta ce mini ranka ya daɗe har in tsufa in mutu, in dai tana ɗakin ciki ina jin motsinta. Na daina neman Baban ma. Na lura in ta faɗi nata, ba ta faɗarsa sama-sama, kallona take yi ta faɗa. Akwai masu cewa Baba suna kallon bango.

Tun da na ƙone ita ke riƙe da gidan. Ita ke tuna mini ranar wankin ciwo, ita ke ɓalle mini maɓallin riga. Ta je wajen matar mai aski ta koyo yadda ake naɗa bandeji, ta fi ma'aikacin asibitin iya ɗaurewa, ƙulli ɗaya kamar na bakin zani. Hannunki ne, na gane shi.

Akwai abu ɗaya da ya faru, ina roƙonki in ta zo kada ki yi mata faɗa a kai. Likita ya ce kada hannun ya taɓa ruwa ko mai. To aiki ya taru, mutane na zarya, zama ya ishe ni. Ranar nan bayan ta tafi makaranta na sauka shago na warware bandejin, na ce bari in ɗan kwance injin wanki guda. Ashe an tashe su da wuri. Ina durƙushe hannu dumu-dumu cikin baƙin mai, sai na ji an jefar da jaka a ƙasa. Na ɗago, ga ta tsaye, ido ya yi ja. Ta ce, "Kai wane irin mutum ne? Ba a ce kada ka taɓa mai ba? Kullum sai na ɗaure, kullum sai ka ɓata. In hannun ya ruɓe wa zai yi maka? Tashi ka hau sama."

Na tashi na hau sama. Mai aski na bakin ƙofa yana dariya har da riƙe ciki, ban ko kalle shi ba. Ta zaunar da ni ta wanke ciwon, tana wankewa tana mita, wai ƙwan da nake soyawa ma gishiri ya yi masa yawa, wai ina barin safa a kan kujera, wai ba na rufe man goge baki. Ashe duk tana gani. Sai da ta ƙulle bandejin ta ankara, ta toshe baki da hannu, ta ruga ɗaki ta rufe. Na tsaya a ƙofar na ce mata ba komai. Da safe ta kawo shayi, kai a ƙasa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe mini, na yi rashin kunya." Na ce ban ji komai ba. Gaskiyar magana, tun da ta zo ban yi farin ciki irin na ranar ba, kuma ban san dalili ba, mutum a yi masa tas ya ji daɗi.

Hutu ya kusa. Ta riga ta haɗa jakarta tun yanzu, ta saya miki zare kala-kala da kuɗin tarar makarantar da nake ba ta. Kullum maganarki take. Na san inda ranta yake, kuma na shirya. Ki shimfiɗa zanin. In ta ce za ta zauna wajenki, ba zan ce uffan ba, sai dai ki bar ni in riƙa zuwa.

Ɗanki,
Dogo

*

Zuwa ga ɗana Dogo,

Gaisuwa da sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma ba ka hankalin barin bandeji inda aka ɗaure shi. Na janye maganganun da na gasa maka, ban da na gaggawa, wannan yana nan. Ka yi ƙoƙari, Dogo. Ba kowane namiji ke barin aikin da ya iya ya zo ya koyi soya ƙwai don yarinya ba, kuma ba kowa ke iya cewa ya daina neman abin da ransa ke so ba. Na yaba maka.

Tsuntsuwa ta iso lafiya. Ta yi tsawo, ta yi kumatu, sai na sake mata kayan makaranta gaba ɗaya. Ta rungume ni ta yi kuka, na yi. Zaren yana da kyau, ta iya zaɓe.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa rubuta maka ba, don ban ga amfaninsa ba a lokacin. Kafin ta tafi wajenka, a gidan nan yarinyar nan ba ta taɓa ce mini ranki ya daɗe ba. Goggo take ce mini, in na ba ta haushi ta ce Tsohuwa. Masu kawo ɗinki na ganin mala'ika, ni nake ganin sauran. Ita ke ɓoye mini sukari don likita ya hana ni, ita ke zare filogin keke in na wuce lokaci, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana mini wa'azi. Na koya mata girmama manya, ban koya mata wannan ba, da abinta ta zo. Kuma mutum ɗaya take yi wa, wanda ta ɗauka nata ne, wanda ba ta tsoron zai kore ta. Da na karanta cewa ta ce maka "kai wane irin mutum ne", sai da na ajiye takardar. Kai ba ka san abin da aka ba ka ba, ni na sani.

Tun da ta zo take ba ni labarinka, kuma duk ƙara ce. Ba ka iya shanya ba, kana barin famfo na ɗiga, kana ba mutane kayansu kafin ka gwada sau biyu. Jiya tana ninke kaya ta tsaya ta ce, "Na san yanzu ya kwance bandejin nan." Ba ta ce mahaifina ba, ba ta ce ranka ya daɗe ba. Shi kawai take cewa, kamar duniya mutum ɗaya ne a cikinta.

Ni kuma, ran da ta iso ta tambaye ni ko za ta iya buɗe kabad ta ɗauki kofi. Kabad ɗin da ta karya wa ƙofa tana shekara biyar. Na ce gajiya ce. Shekaranjiya na gwada ta. Na haɗa shayi a gabanta, na zuba sukari cokali ɗaya, na ƙara, na sake ƙarawa, ina kallonta ta gefen ido. Da can kafin na biyu ta fizge cokalin. Ta dubi kofin, ta dube ni, ta ce a hankali, "Ranki ya daɗe, anya bai yi yawa ba?" Na shanye shayin, bai yi mini daɗi ba.

Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Na shiga ɗaki na yi abin da tsofaffi ke yi, na sha kukana. Amma ba ƙina take ba, kunyata take ji, don ta san abin da ta zaɓa kuma tana tsoron faɗa mini. Ban bar ta ta sha wannan wahalar ba. Na kira ta na ce hannun ubanki bai warke ba, ba mai kula da shi, ki koma. Ta ce, "Ke fa?" Na ce ni na riga ki zuwa duniya, na iya zama. Ta kwantar da kai a cinyata, ba ta ce a'a ba.

Ra'ayina bai canja ba, kada ka zata. Yaro ya kira babba da girmansa, a titi, a shago, a makaranta, kai ma a gaban mutane ta ci gaba da ce maka ranka ya daɗe, kuma ka amsa da kyau. 'Ya'yan mai askin nan ka turo mini su wata guda. Abin da ke tsakaninku a saman shago kuwa, wannan naku ne, ba ruwana.

Za ta taho ranar Asabar da motar safe. Ka je tasha da wuri, kayan da yawa, na haɗa mata har da bargonta da ƙaramin almakashi. Kada ka ɗauki jaka da hannun dama, za ka ji a jikinka.

Hutu mai zuwa ku taho tare. Ina so in ji tana yi wa wani faɗa a gidan nan, ko da ba ni ba ce.

Goggonka